Tozon Gashin Leto

Ban taɓa haɗuwa da mutumin da ya wahalar da ni kamar Anacleto Dimaculangan ba. Yana raye ya ba ni wahala, da ya mutu ma bai ƙyale ni ba. Allah ya jiƙansa, ina ƙaunarsa kamar raina, amma gaskiya sai an faɗa.

Sunana Islaw, masu girmama ni kan ce Mang Islaw, aski nake yi a Marikina, a ɗan shagon da ke gab da gada. Tun muna firamare muke tare da Anacleto, wanda kowa ke kira Leto. Da muka gama aji shida na bi kawuna shagon aski, shi kuma ya zauna wurin ubansa yana yankan tafin takalmi, kamar rabin mutanen garin nan. Ni na tsaya wa 'yarsa a baftisma, shi ya tsaya wa ɗana, don haka pare muke ce wa juna, matarsa Auring kuma mare nake ce mata.

Wanda ya hau jifni, motar hayar nan, a Manila a tsakiyar shekarun tamanin ya ji kiɗan Leto, ko yana so ko ba ya so. Su huɗu ne, duk 'yan aikin takalmi, suka sa wa kansu suna Anak ng Pomada, wato 'Ya'yan Man Gashi. Leto ne mai kaɗa ƙatuwar jitar nan ta tsaye, wadda ta fi shi tsawo. Ba wani tsari suka yi ba, gardama ce ta haifar da kiɗansu. Leto ya gaji fayafayen ubansa na tsohon kiɗan Amurkawa, rokabili, wanda ke hana ƙafa zama. Mai kaɗa musu piyanon lantarki kuwa ba ya jin komai sai sabon kiɗan Ingila da samari ke saurara suna ɗaure fuska kamar an aiko musu da rasuwa. Wannan ya ce nasa za a yi, wancan ya ce sai dai nasa. Da aka rasa mai haƙuri, kowa ya shiga kaɗa abinsa a lokaci guda. Mawaƙinsu kuma ba ya iya buɗe baki bai yi shaƙiyanci ba, sai ya ɗora musu waƙar zakaran da ya tsere daga fagen faɗa ya bar ubangidansa da kunya, da ta angon da ya je ɗaurin aurensa da takalman hagu guda biyu, da ta surukar da ta zo kwana ɗaya ta shekara.

Kaset ɗaya tak suka fitar, kuma ya ci gari. Direbobi suna sa shi tun daga Marikina har Cubao, tsofaffi suna rawa don ya tuna musu ƙuruciya, yara suna rawa don sabo ne a kunnensu. A bangon kaset ɗin ga su nan su huɗu, kowa da gashinsa an taro shi gaba an murɗa sama, ya tsaya bisa goshi kamar tozon sa. Na Leto ya fi na kowa tsayi. Ni na yi wannan tozon da hannuna, kuma har yau in na ga hoton sai na ji ƙirjina ya cika.

Kaset na biyu bai zo ba. Mawaƙin ya tafi Japan yana waƙa a otal, mai ganga ya zama fasto ya ce duk abin da suka yi zunubi ne, mai piyano ya shiga aikin jirgin ruwa. Leto ya koma kan bencinsa da wuƙarsa, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ya jingine jitar a bayan ƙofa. Amma tozon nan bai sauke ba. Da shi yake zuwa coci, da shi yake zuwa sayen kifi, da shi ya je asibiti ranar da aka haifi jikansa.

Da ya haura arba'in sai gashin ya fara guduwa, kuma daga inda aka fi bukatarsa. Wata Asabar ya biyo ta ƙofar baya tun ban buɗe shago ba, ya zauna a kujera ya sunkuyar da kai.

"Pare, duba min. Faɗa min gaskiya."

Na duba. Na ce, "Gaskiya ita ce ina ganin fuskata a ciki."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma. Ka bari in aske shi duka ka huta. Kowa yana tsufa."

"Kowa ba ya bangon kaset."

Daga ranar na shiga uku. Muka bar gashin ƙeya da na gefe ya yi tsawo. Shi da kansa yake yanko soso daga irin wanda ake sa wa a cikin takalmi, ya sassaƙa shi daidai kansa, ya rina shi baƙi. Ni kuma in ɗora, in janyo gashin baya in lulluɓe, in kama da fil, in bi da mai, in feshe. In na gama, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane ba. Ya sa na rantse da ran 'ya'yana ba zan gaya wa kowa ba. Auring ta sani, ai ba yadda za a yi mace ta kwana ɗaki ɗaya da mutum ba ta sani ba, amma ba ta taɓa nuna masa ba.

Ba irin fitinar da ban gani ba saboda gashin nan. Ba ya hawa babur don kada a ce ya sa hular kwano. Ba ya shiga keke mai ƙafa uku don rufinsa gajere ne, gara ya taka a ƙasa cikin rana. Shekarar babbar ambaliya, da kogi ya shigo gidaje, masu kwalekwale suka same shi a kan rufi ya kifa robar wanki a ka, talabijin ɗinsa na wucewa a ruwa yana kallo. Auring ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. Kuma bai taɓa zama a kujerata ya yi shiru ba. "Ya karkace, pare." "Hannunka ya fara rawa, pare." "Na bangon kaset ya fi wannan." In ce masa ya tafi wani shagon, ya ce ai amana ce ta ɗaure shi da ni, ba gwaninta ba.

Wata rana ina tsakiyar aikin ya kama wuyan hannuna.

"Pare, ranar da na mutu, kada ka bari San Pedro mai tsaron ƙofar aljanna ya ga tsakiyar kaina."

"Ai shi ma sanƙo gare shi. Ba ka ga gunkinsa a coci ba?"

"Shi ya sa. Murna zai yi ya samu ɗan'uwa. Yi min alkawari."

Na ce na yi, don ya sake min hannu man na bushewa. Amma na yi ɗin.

To ka ga mutumin da ya san duk wannan, sai ya tashi mutuwa lokacin da ba na gari. Ina Bicol, 'yata ta haihu, aka kira ni aka ce zuciyarsa ta tsaya yana kan benci da wuƙa a hannu. Na yi kuka a cikin bas kamar ƙaramin yaro, har wata mata ta miƙo min ruwa. Ga hadari ya lalata hanya. Kafin in iso, masu shirya gawa sun gama aikinsu sun kawo shi gida.

Na shiga falon, na ratsa mutane, na leƙa ta gilashin akwatin. Sun wanke masa kai, sun cire soson sun yar, sun kwantar da 'yan silallan da suka rage gefe ɗaya kamar tsohon akawun da ya yi ritaya. Fitilun da ke kan akwatin suna haska sanƙon tas. Kuma a saman murfin, daidai kansa, wani mai son alheri ya jingina hoton bangon kaset da aka ƙara wa girma. Duk wanda ya zo sai ya kalli hoton, ya kalli ƙasa, ya sake kallon hoton.

A waje, ƙarƙashin rumfa, 'yan zaman makoki masu buga karta suna ta raɗa.

"Ashe shekara da shekaru katifa yake ɗauke da ita a ka."

"Kai, yi a hankali, ga magininsa nan ya iso."

"Mang Islaw, sannu da hanya. In an kwana biyu ina son irin nasa, amma mai ɗaki biyu."

Na koma ciki na zaro matajina daga aljihun riga, wanda nake aiki da shi tun zamanin kawuna, na ce a kira wanda zai buɗe gilashin.

"Mayar da wannan abin aljihunka."

Ate Petra ce, yayar Leto, wadda ta goya shi. Tana zaune a gefen akwatin da carbinta, ta haura tamanin amma idonta ya fi na shaho. Tun ranar farko ta rufe madubai da zane, ta ɓoye tsintsiya, ta kulle banɗakin wanka. Kanta ma a hargitse yake, haka na Auring, haka na jikoki.

"Ate, ba kaina zan taje ba. Nasa ne."

"Kai ko shi, ba a sa mataji a gidan da gawa take. Yau ka zo duniya?"

"Ai ba zai ɗau lokaci ba."

"Mutuwa ma ba ta ɗaukar lokaci."

"Alkawari na yi masa."

"Ka yi masa ba da shawarata ba. Zauna ka sha kunun shinkafa, ka kwaso hanya."

Na ja Auring gefe zuwa kicin. Idanunta sun kumbura. Na ce, "Mare, ke ce matarsa. Ki yi magana."

"Pare, shi ya tafi ya huta. Ni ce zan ci gaba da zama layi ɗaya da Ate Petra."

"Kin ga yadda suke kallonsa?"

"Na gani. Da suka kawo shi sai da na ce wannan ba mijina ba ne, a mayar." Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Na rasa abin yi, na tsaya ina riƙe mata kofi.

Washegari Ate Petra ta ce ta yarda a sa masa hula. Hula! Mutumin da ko a tsakiyar rana bai taɓa yarda inuwar hula ta taɓa shi ba. Na ce ai wannan ya fi sanƙon muni, daidai yake da a rubuta a goshinsa cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Na je wurin masu shirya gawar na ce su ɗauke shi su kai wurinsu in gyara su dawo da shi. Mai wurin ya kalle ni kamar na zautu, ya ce gawar da ta fita gida ba ta komawa, ko ni ban da tsofaffi a danginmu?

Duk da haka na shiga ɗakin aikin Leto na nemo soso. Nan na gane ban iya yanka shi ba, don shi yake yi duk shekarun nan. Na ɓata guda nawa kafin in samu mai kama da abin. Ina yanka ina yi masa faɗa. Na ce kai da ka san za ka mutu, me ya hana ka ajiye guda ɗaya a aljihun tebur? Na rina shi da baƙin man takalmi na sa a leda.

Wata safiya Ate Petra ta tafi coci. Falon ba kowa sai Auring tana gyangyaɗi. Na matsa na ga ashe gilashin da kusoshi masu murɗi aka ɗaure shi. Na fito da almakashina na sa bakinsa na fara kwancewa. Na ci ɗaya, ina kan na biyu, na ji an ce, "Wenceslao."

Rabon da a kira ni da cikakken sunana tun mahaifiyata na da rai. Ashe Ate Petra ce ta dawo, lemarta ta manta.

Na ɗauka zagina za ta yi. Sai ta ja kujera ta zauna, ta nuna min ta kusa da ita.

"Ka tuna Nicanor?"

Na tuna. Autansu ne, kogi ya ci shi muna samari.

"Ranar da ake zaman makokin babanmu, fada, limamin coci, zai zo, innarmu ta ji kunyar ya gan ta da kai a tsefe. Ta shiga ɗaki ta taje. Na gan ta, ban hana ta ba. Shekara ba ta zagayo ba muka binne Nicanor." Ta juya carbin a hannunta. "Ka ce camfi ne, ban hana ka ba. Jikokina ma haka suke cewa. Amma yara nawa ne suke kwana a gidan nan yanzu? Zaɓi wanda za mu gwada da shi."

Na mayar da kusar inda take, na murɗa ta da kyau. Na fita bayan gida na zauna kan bokiti. Haushin Leto nake ji, da na Ate Petra, da na masu wankan gawa, kuma ba wanda zan iya ɗora wa laifi a cikinsu sai shi, don shi kaɗai ne ba zai rama ba.

Ranar jana'iza aka yi addu'a a coci, muka bi motar gawa a ƙasa. Direban ya sa kaset ɗinsu a lasifika. Mutane suna tafe suna share hawaye, ƙafafunsu kuma suna bin kiɗan ba da saninsu ba. Har faston nan, tsohon mai gangarsu, na gan shi yana buga cinya da yatsu. Ni dai ledata na cikin aljihu, gwangwanin mai a ɗayan, ban san ma dalilin da ya sa na ɗauko su ba.

A maƙabarta ramin Leto yana hawa na uku a jikin bangon da ake zura akwatunan gawa, magini na jira da siminti a kwaɓe. Aka sauke akwatin, aka cire gilashin don iyali su yi sallama ta ƙarshe. Auring ta taɓa hannunsa. 'Yarsa ta gyara masa kwala. Ate Petra ta daɗe tsaye tana kallonsa. Na matsa kusa da ita.

"Ate, nan ba gida ba ne."

Ba ta kalle ni ba. Can ta ce, "Tun da aka kawo shi nake nemansa a fuskar nan ban same shi ba." Ta ja numfashi. "Yi. Amma matajin ba zai koma gidan kowa ba. Da shi za a rufe."

Na kalli matajin. Na kawuna ne, haƙoransa sun san hannuna. Na ce a raina, Leto, har wannan ma sai ka karɓe? Na ce mata na yarda.

Sai na juya ga Auring. "Mare, ce musu su juya baya."

"Pare, ai duk garin nan ya riga ya gani."

"Shi bai san sun gani ba."

Ta ɗaga murya ta ce kowa ya juya. Matan da ke da lema suka buɗe suka kewaye mu, suka ba mu baya. Na durƙusa.

Ban taɓa yi wa mutum gashi yana kwance ba. 'Yarsa ta tallafo kansa ta rufe ido. Rana ta narkar da man, yana bin yatsuna kamar ruwa. Soson da na yanka ya fi kan faɗi, sai da na datse gefensa da almakashi. Gashin ya yi taurin kai, in na kwantar da nan can ya tashi. Gumi na shiga idona, ko hawaye ne, ban tsaya bambancewa ba. Ina yi ina ce masa, "Tsaya mana, pare. Yau ɗaya dai ka ba ni haɗin kai." Magini ya leƙo ta saman lema ya ce siminti na bushewa, Ate Petra ta ce masa in ya bushe ya kwaɓa wani.

A ƙarshe ya tsaya. Ya ɗan karkata hagu, na sani, kuma da yana da baki da ya faɗa. Amma ya tsaya, baƙi, yana sheƙi, ya yi rumfa bisa goshinsa. Na ce a sauke lemomin.

Mutane suka juyo. Ate Petra ta sa hannu ta rufe bakinta, ta ce, "Ga ka nan, ɗan banza." Sai wani daga baya ya fara tafi, saura suka ɗauka. Na sa matajin a aljihun rigarsa, na danna shi ciki.

Aka ɗauko gilashin za a mayar, ya ƙi zama. Tozon ya fi bakin akwatin tsayi.

Ma'aikacin ya ce, "Sai dai a danna."

"Danna ka ga yadda ake binne mutum biyu a rami ɗaya."

"To Mang Islaw, a buɗe za mu sa shi?"

In na rage tsayin, soson zai fito. In aka danna, duk wahalar ta tashi a banza. Na tsaya da hannuwa duk mai ina kallonsa, yana kwance abinsa ko a jikinsa.

Auring ta matso. Ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin wuyansa, ta zare matashin da ɗayan, ta kwantar da kansa a hankali. Ta cusa matashin wajen ƙafafunsa.

Na ce, "Mare, wuyansa zai sage."

"Rabonsa da matashi tun ranar da kuka fara haukan nan naku. Cewa yake yana lotsa masa ƙeya. Tawul yake naɗewa ya sa a wuya, ya kwana kamar katako, ni kuma in na juya ya ce na taso iska." Ta shafa kumatunsa da bayan hannu. "Ya saba."

Aka mayar da gilashin. Na sunkuya na duba ta gefe, tsakaninsa da tozon bai fi kaurin yatsa ba. Suka rufe murfin, suka ɗaga shi zuwa hawa na uku. Na bi su ina cewa su yi a hankali, kada su girgiza, kada su karkata, har ɗayansu ya ce in na fi su iyawa in zo in karɓa. Na karɓi gefen kai. Nauyi gare shi, ja'irin, kuma kafaɗata ba ta daina ciwo ba har yanzu.